Babu ƙullutu a nonona, amma sun ce sankara ce

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 34, 'ya'yana uku, bara na yaye autana. Wata biyu da suka wuce nonona na hagu ya fara nauyi da zafi, ya kumbura har rigar mama ta daina shiga ta wannan ɓangaren. Fatar ta yi duhu ta yi kauri, ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, ga kaluluwa a hammata. Na sha maganin kemis har sau biyu, babu sauƙi. A asibitin garinmu aka yi mini sikanin aka ce ba a ga ƙullutu ba, aka ƙara mini wani maganin. Da shi ma bai yi ba, wata likita ta tura ni asibitin koyarwa, suka ɗebi ɗan nama daga ciki da ɗan guntun fata. Sakamako ya fito, wai sankarar mama ce, irin wadda ba a cika gani ba, mai zuwa da kumburi, kuma aƙalla tana mataki na uku. Sun ce kemo za a fara, wato maganin sankara da ake sawa ta ƙarin ruwa, daga baya a cire nonon gaba ɗaya, sannan a yi gashi, wato a haska wurin da na'ura don a kashe sauran ƙwayoyin ciwon.

Anti, ta yaya za a ce sankara babu ƙullutu? Ko kuskure suka yi? In kuma ita ce, me ya hana a cire yanzu kowa ya huta? Innata ta ce daji ba ya son ƙarfe, wai tun da aka soka mini allura aka ɗebi nama abin ya ƙaru. Tana so in tafi ƙauye wajen wani mai magani in yi kwana arba'in kafin in yarda da kemo. Ƙanena ya duba a waya, tun ranar ba ya iya haɗa ido da ni. Maigidana yana tsaye a kaina amma shi ma a ruɗe yake. Don Allah kada ki ɓoye mini komai. Ana rayuwa da wannan ciwon?

Maman yara uku

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce.

Tunda kin ce kada in ɓoye miki, bari in fara da tambayarki ta ƙarshe. Ana rayuwa da shi. Akwai matan da aka gaya musu abin da aka gaya miki, suka yi kemo, aka yi musu tiyata, aka yi gashi, yau suna gidajensu suna aurar da 'ya'ya. Amma ba zan yi miki daɗin baki ba: a cikin ire-iren sankarar mama, wannan tana cikin masu tsanani, kuma gudu take yi. Sauran sukan ɗauki watanni ko shekaru suna girma a ɓoye, ita kuwa a cikin makonni take sauya kamannin nono, kamar yadda kika gani da idonki. Shi ya sa duk a cikin wasiƙarki ba abin da ya tayar mini da hankali kamar kwana arba'in ɗin nan. Zan dawo kansa, amma bari mu fara da abin da ya ɗaure miki kai.

Duk wayar da kan da ake yi a rediyo da asibitin awo, ƙullutu ake ce wa mata su nema: ki ɗaga hannu, ki shafa, in kin ji wani abu mai tauri ki garzaya. Wannan gaskiya ne ga yawancin mata. Amma ita wannan ba ta cika dunƙulewa wuri guda ba. A cikin fatar nono akwai wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan jiki su kai shi ga ƙwayoyin kaluluwa na hammata. Ƙwayoyin sankarar sai su shiga waɗannan hanyoyin su toshe su, kamar dai yadda leda ke toshe kwata da damina ruwa ya kwanta a tsakar gida. Ruwan da ya rasa hanyar fita shi ne kumburin da nauyin da kike ji. Ramukan nan kuma, fatar ce ta kumbura ta ɗago, ƙofofin gashi suka tsaya a inda suke, sai suka zama kamar an lotsa su. Zafin da sauyin launi duk daga nan suke. A jikin farar fata ja wur yake fitowa, shi ya sa littattafan likitoci ke ta maganar ja. A irin fatarmu sau da yawa duhu yake yi, ko ya yi kamar jini ya kwanta, kuma wannan kaɗai yana sa a daɗe ba a gane ba.

Ba ta da yawa. A Amurka, inda suke da ƙididdiga mai kyau, tsakanin 1 zuwa 5 ne cikin kowace 100 ta masu sankarar mama. An fi ganinta a ƙasashen arewacin Afirka irin su Tunisiya da Masar, kuma ta fi kama mata masu ƙarancin shekaru da baƙaƙen fata da masu ƙiba in aka kwatanta da sauran ire-iren. To ki duba: mace 'yar shekara talatin da wani abu, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ta zo da nono a kumbure da zafi. Duk wanda ya gan ki, daga mai kemis har ma'aikacin asibiti, ciwon nono na masu shayarwa zai fara kawowa a ransa, domin shi ake gani kullum. Ba laifi ba ne a fara da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar ita ce in an sha na mako guda zuwa kwana goma ba a ga canji ba, a daina maimaitawa a tura a ɗebi nama. Likitar nan da ta tura ki ta yi miki babban alheri, ki riƙa sa ta a addu'a. Ke kuma kada ki zauna kina cin kanki da "da na sani". Akwai masu kaiwa wata shida suna zagaye tsakanin kemis da mai magani kafin a ambaci sunan ciwon.

Batun ko kuskure suka yi. Da a ce da ido kawai aka kalle ki aka yanke, da na ce ki nemi ƙarin bincike. Sikanin ma da ya ce babu ƙullutu bai yi ƙarya ba, abin da aka saba nema ne bai gani ba, kuma ko hoton nono da ake kira mamogiram kan rasa ta, sai dai ya nuna fata ta yi kauri. Amma naman da aka ɗiba aka sa a ƙarƙashin madubin likita, shi ne alƙali. Likitoci kan haɗa abu uku kafin su kira ta sankarar mama mai kumburi: alamomin sun taso cikin ƙasa da wata shida, kumburin ko sauyin launin ya mamaye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na nonon, sannan gwajin nama ya nuna sankara. Abin da kika bayyana ya cika duka ukun. In zuciyarki ba ta kwanta ba, kina da haƙƙin ki nemi wani likitan gwajin nama ya sake duba gilasan da aka shafa naman a kai, ba sai an sake sokar ki ba. Sai dai a yi hakan ana cikin shirin fara magani, kada ya zama dalilin ɗaga ranar kemo.

Kin ce "aƙalla mataki na uku". Kada wannan ya sa ki ɗauka kin yi sakaci har ta wuce na ɗaya da na biyu. Ita wannan ba ta da mataki na ɗaya ko na biyu. Tunda a fata take bayyana, ranar da aka fara ganinta a mataki na uku ake lissafa ta, ko da jiya ta fara. In kin duba takardarki wataƙila ki ga an rubuta T4d, to ita ke nan. Abin da ya rage a sani shi ne ko ta tsaya a nono da hammata, ko ta tsallaka zuwa ƙashi, huhu, hanta ko wani wuri, wanda shi ne mataki na huɗu. Kusan mace ɗaya cikin uku akan tarar ta riga ta tsallaka tun ranar farko. Don haka za su tura ki hoton ƙirji da ciki, irin na siti sikan, da hoton ƙashi in akwai hali. Na san kuɗi ne, kuma na san akwai tsoron abin da za a gani. Ki daure ki yi. Duk tsarin maganinki a kan wannan amsar yake tsaye.

Akwai gwaji na biyu da mutane da yawa ke tsallakewa saboda tsada ko saboda ba a yi musu bayani ba, alhali ya kai na farko muhimmanci. A kan naman nan da aka riga aka ɗiba ake yin sa. Za ki ga haruffa: ER, PR, da HER2. Biyun farko suna nuna ko sankarar tana ci ne daga sinadaran jikin mace. In haka ne, akwai ƙwayar tamoksifen da ake sha kullum shekara 5 zuwa 10 bayan an gama sauran magani, kuma ba ta cikin masu tsada. HER2 kuwa wani sinadari ne da ke sa ƙwayoyin sankara saurin girma, in ya fito akwai shi, to akwai allurar da aka ƙera takanas dominsa, tarastuzumab, wadda aka fara amfani da ita a Amurka a 1998, ana yin ta tsawon shekara guda. Da can mace mai HER2 ita ce aka fi ji wa tsoro, zuwan wannan allurar ya juya lissafin, kuma irin sankararki ta fi sauran yawan fitowa da shi. In kuma duka ukun babu, kemo ne babban makami, kuma dole a riƙe shi da ƙarfi. Ki tambayi likitanki kai tsaye: an yi wannan gwajin? Me ya nuna? In ba a yi ba, a ina ake yi, nawa ne? Kada ki ji kunyar tambaya, jikinki ne.

Yanzu me ya hana a cire kawai. Wallahi na fahimci wannan tunanin, duk wanda aka ce akwai mugun abu a jikinsa so yake a fitar da shi yau. Amma an gwada hakan, shekaru masu yawa, kuma sakamakon ya yi muni. Kafin shekarun 1970, lokacin da tiyata da gashi kaɗai ake da su, matan da ke kaiwa shekara biyar da wannan ciwon ba su kai 5 cikin 100 ba. Dalili shi ne ƙwayoyin sun bazu cikin fata fiye da inda ido ke gani. Likita zai yanka ta inda yake zaton lafiya lau ne, ashe ta cikin ciwon ya bi, kafin ɗinki ya warke abin ya sake tsirowa a bakin tabon. Ga kuma waɗanda suka riga suka shiga jini, wuƙa ba ta isa gare su. Da aka juya tsarin aka fara da kemo, sai lissafi ya canza. Kemo yana bin jini ya zaga ko'ina, ya janye kumburin, fata ta saki, sannan likitan tiyata ya sami wuri mai tsabta da zai yanka ya rufe. Saboda haka in wani ya ce miki zai cire miki a wani asibitin kuɗi mako mai zuwa ba sai kin sha wahalar kemo ba, ki gode masa ki tafi. Wanda ya ce zai ciro ɓangare ya bar miki sauran nonon, shi ma haka. A wasu ire-iren ana yin hakan lafiya lau, a wannan ba a yi. Nonon gaba ɗaya ake cirewa tare da ƙwayoyin kaluluwa na hammata, in ma za a yi gyaran ƙirji sai can gaba bayan an gama gashi.

Tafiyar kan kasance haka: kemo na wata 4 zuwa 6, yawanci duk bayan mako uku a sa miki ta ƙarin ruwa. Sai a huta makonni kaɗan a yi tiyata. In ɗinkin ya warke, sai gashi, kwana biyar a mako har wajen mako biyar ko shida. Kusan shekara guda ke nan ta rayuwarki, gara ki san haka tun yanzu ki tsara gidanki a kai. Kafin ranar farko ki bari a ɗauki hoton nonon, ko a asibiti ko maigidanki ya ɗauka a waya ya adana inda ba mai gani. Na san da nauyi. Amma tunda babu ƙullutun da za a riƙa aunawa, da launin fata da kumburi ake gane ko magani yana ci, kuma likitan gashi zai so ya san iyakar inda abin ya kai tun farko, domin a lokacin da za ki je gabansa wurin ya riga ya canza.

To, mu zo kan Inna.

Maganar "daji ba ya son ƙarfe" ba daga sama ta faɗo ba, kuma masu faɗinta ba wawaye ba ne. Sun ga an kai mace asibiti, an yanka, bayan wata uku an yi jana'iza. Abin da ba su lissafa ba shi ne shekara ɗaya ko biyu da ta yi a gida ana shafe-shafe da sha-sha, sai da nono ya fashe yana wari aka ɗauke ta. Ƙarfe ya zo a ƙarshe, sai aka ɗora masa laifin jinkirin. A naki kuma, Inna ta ga gaskiya da ta ce abin ya ƙaru bayan an ɗebi nama, amma ai kafin a ɗiba ma ƙaruwa yake yi kowane mako, shi ya kai ki asibitin. Allurar gwaji ba ta watsa sankara. Da ba a soka ba, da yanzu kina kan kwalin magani na huɗu ba ki san da me kike faɗa ba.

Kwana arba'in kusan zagaye biyu ne na kemo. A ciwon da ya canza miki nono cikin wata biyu, wannan ya isa ya kai mace daga mataki na uku, inda ake maganar warkewa, zuwa na huɗu, inda ake maganar riƙe ciwon da tsawaita kwana. Ba a nan kaɗai haɗarin yake ba. In aka yi miki sakiya ko tsaga, ko aka ɗaura wani haɗi mai cin fata don wai ya "jawo" ciwon waje, gyambo zai buɗe a kan fatar da ba ta iya warkewa, ƙwayoyin cuta su shiga, kuma ba a sa wa mace kemo tana fama da ruɓaɓɓen ciwo sai an yi jinyarsa tukuna. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba kuma suna iya taɓa hanta da ƙoda, su ne kuwa ake aunawa kafin kowane zagaye, in sun nuna rauni a ɗaga miki rana.

Amma kada ki yi faɗa da ita. Uwa ce, tsoro ne ya cika ta, kuma abin da ta sani ke nan. Wanda aka ce masa ya zauna ya zuba ido 'yarsa na ciwo ba zai zauna ba, sai ya nemo abin yi. To ki ba ta abin yi. Ku tafi da ita ranar ganin likita, ki roƙi likitan ko wata nas babba ta yi mata bayani da Hausa, ta ga matan da ke zaune a layi waɗanda aka yi wa aiki shekarun baya sun dawo a duba su da ƙafafunsu. Ki ce mata addu'arta kike buƙata, ta yi miki tofi, ta sa a yi sauka, ta riƙe miki yara ranar kemo, ta dama miki kunu lokacin da ba abin da zai zauna a cikinki sai shi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya ci karo da asibiti. Sharaɗi biyu kawai: ba a taɓa nonon da komai, ba kya shan wani haɗi sai likita ya sani. In akwai kawu ko malamin da take jin maganarsa, maigidanki ya same shi tukuna. Wannan aikin maigida ne, kada a bar ki da shi ke kaɗai ga ciwo ga rigimar gida.

Abin da ƙanenki ya gani a waya, na san shi, gara ki ji daga bakina da ki riƙa karanta shi a fuskarsa. Alƙaluman Amurka ne. A cikin matan da ciwon ya tsaya a nono da hammata, kusan rabi suna raye bayan shekara biyar. A cikin waɗanda ya tsallaka zuwa wasu sassan jiki, wajen 1 cikin 5. In aka haɗa duka, kusan 4 cikin 10. Sun yi ƙasa da na sauran ire-iren sankarar mama sosai, ba zan ce miki ba haka ba ne.

Sai dai a san yadda ake karanta su. Shekara biyar ɗin nan ba wa'adi ba ne, wurin da masu ƙididdiga suka tsaya suka ƙirga ne kawai, da yawa daga waɗanda suka kai nan suna ci gaba da rayuwarsu. Ita wannan in za ta dawo ta fi dawowa a shekaru biyu zuwa uku na farko, don haka duk shekarar da kika tsallake lafiya, haɗarin raguwa yake yi. Na biyu, kafin a ce an san wanda ya kai shekara biyar, dole a ce an gano ciwonsa shekaru da dama da suka wuce, da magungunan wancan lokacin. Na uku, an zuba kowa a kwando ɗaya: tsohuwa mai ciwon zuciya da ba ta iya ɗaukar kemo ba, da wadda ta yi zagaye biyu ta gudu, da wadda ta yi duka ukun ba fashi. Waɗanda suka kammala kemo da tiyata da gashi sun fi waɗanda suka tsaya a hanya nisa ba kusa ba. Kuma akwai wata rana da za ta faɗa miki fiye da duk abin da ke cikin waya: ranar da sakamakon nonon da aka cire zai fito. In aka duba aka tarar kemo ya cinye ƙwayoyin babu saura a nono da hammata, wannan babban albishir ne, masu irin wannan sakamakon su suka fi kowa nisan kwana da ciwon. In an sami saura, ba a rufe littafi ba, akan ƙara wani magani.

Gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce a nan gida lissafin ya fi na Amurka muni. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 suka rasu. Ba don jikinmu ya fi nasu rauni ba. Yawancin matanmu sai ciwo ya yi nisa suke zuwa, waɗanda suka zo kuma da yawa ba sa ƙarasawa. Wata kuɗi ne ke yanke mata. Wata kuwa, kuma wannan ki riƙe shi da kyau, sauƙi ne ke yaudararta: bayan zagaye biyu ko uku kumburi ya saɓe, zafi ya tafi, nono ya koma kamar ba shi ba, sai 'yan'uwa su ce ai an warke, me za a yanke kuma? Ta daina zuwa. Bayan wata biyar ta dawo da abin da ya fi na da. In kin ga sauƙi, alama ce maganin yana aiki, kuma lokacin ne ya fi dacewa a yi tiyatar.

Saboda haka maganar kuɗi a yi ta yanzu, a zaune, da alƙalami. Maigidanki ya nemi a rubuta masa kiyasin tafiyar gaba ɗaya, har da gwajin jinin da ake yi kafin kowane zagaye da kuɗin mota da masauki lokacin gashi, ba kuɗin zagayen farko kaɗai ba. A kira dangi na ɓangare biyu a faɗa musu gaskiya. Mu mutane ne masu ɓoye ciwo, sai abu ya lalace a ce ai da kun faɗa. Wanda zai ba da buhun masara ya sayar, wadda za ta ba da zubin adashinta, duk a san da su tun yau. Ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin game da asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ana kuma shiga ta wasu asibitoci, cikinsu akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na tarayya da ke Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Ba ya ɗauke komai kuma akwai jira, amma a cike takardar. In kina da inshorar lafiya ta wurin aikinki ko nasa, a bincika abin da take biya. Batun gashi kuma, injinan ba su da yawa a ƙasar nan kuma layi yana da tsawo, don haka tun kina tsakiyar kemo ki tambayi inda za a tura ki, Zariya ko Sakkwato ko Abuja ko wani wuri, a fara neman rana.

Kemo kansa, ba zan ce miki wasa ba ne. Gashin kai zai zube wajen mako biyu zuwa uku da fara shi, ya kuma dawo bayan an gama. Mu da muke ɗaura ɗankwali da hijabi, wannan ya fi mana sauƙi a waje, amma ranar da kika ga kitso yana biyo hannunki sai kin ji a ranki, don haka wasu kan aske tun kafin ya fara. Akwai tashin zuciya, kuma akwai magungunansa masu kyau, ki nema kada ki yi ta jurewa. Ɗaya daga cikin magungunan ja ne, fitsarinki zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Za a duba zuciyarki kafin a fara, domin shi jan maganin da allurar HER2 duka suna iya taɓa ta. Al'ada na iya ɗaukewa, ta dawo ko kada ta dawo, amma ɗaukewarta ba ta hana ɗaukar ciki, kuma ciki a tsakiyar wannan magani matsala ce babba. Ku yi maganar tsarin iyali da likita ke da maigida, ki kuma faɗa masa in kina kan allura ko ƙwayoyi ko na dantse, domin masu sinadari ba su dace da ke yanzu ba. Abu ɗaya da ba a jira da shi: ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye a gefen gado. Kemo yana rage sojojin jini, in zafin jikinki ya kai 38 ko kina rawar sanyi, ko da tsakar dare ne, asibiti za ki, ba kemis ba, ba "bari mu ga safe" ba, kuma ki faɗa musu tun daga ƙofa cewa kina kan kemo.

Za ki ji maganganu. Wata za ta ce don kina sa waya ko kuɗi a rigar mama ne, wata ta ce jifa ne, wata ta hana ɗanta cin abinci a kwanonki. Ba ɗaya da yake gaskiya. Ba a ɗaukarsa, ba ta kwano ba, ba ta shimfiɗa ba, kuma nonon da kika shayar da yaranki bai sa musu komai ba. In akwai wasu a danginku, ta wajen uwa ko ta wajen uba, da suka yi sankarar mama ko ta ƙwan mace, ki faɗa wa likita, domin zai shafi shawarar da za a ba 'yan'uwanki mata.

Ƙanenki kuma ki kira shi ki zaunar da shi, ki ce kin san abin da ya gani. Tunda ya iya bincike a waya, ki ɗora masa riƙon fayil: ranakun asibiti, sakamakon gwaje-gwaje, rasit, lambar nas ɗin sashen. Ya sayi littafi guda ya riƙa rubuta tambayoyinku kafin ranar ganin likita, domin da an shiga ɗakin nan komai kan gudu daga kai. A shafin farko ya rubuta guda uku: me hoton ƙirji da ciki da ƙashi ya nuna, me gwajin ER da PR da HER2 ya nuna, kuma wace rana ce za a sa zagayen farko. In ranar da aka ba ku ta wuce mako biyu, maigidanki ya koma ya tuna musu irin sankarar da aka rubuta a takardarki, ya roƙi a matso da ita.

Allah ya ba ki lafiya, ya dafa miki, ya raya miki yaran. Ki rubuto mini bayan zagayen farko in ji yadda jikin ya karɓa, da yadda kuka ƙare da Inna.